Falon Baba a Tsakiyar Gona

Shekarar da ci gaba ya gano hanyar garinmu, a gonar Baba ya sauka. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Gusau, sai ƙarshen mako nake zuwa gida. Wata Asabar ɗan acaɓa ya sauke ni, na tarar an kafa wani ƙaton allo mai ƙafafun ƙarfe a bakin gonarmu. An zana gidaje a jere masu jan kwano, da kwalta, da fitilun titi, har da wata mata tana tura jariri a keke. Na daɗe ina kallon matar nan, don duk faɗin garinmu ban san wadda ta taɓa kwance goyo ta zuba shi a keke ba.

Kansilanmu ne ya zo zaure ya yi wa Baba bayani. Ya ce ƙaramar hukuma ta zauna ta hango yadda jama'a za su ƙaru, ta tsara sabuwar unguwa, kuma tsari ne na dogon lokaci. Cikin duk abin da ya faɗa ranar, wannan dogon lokacin kaɗai ya tabbata. Ya ce duk wanda gonarsa ta shiga, za a ba shi gida a sahun gaba. Kafin katafila ta iso Baba na iya ci gaba da nomansa, amma ban da dawa da gero a gefen hanya, kada su rufe allon. Wato gyaɗa ce kaɗai ta san girman hukuma.

Baba ya yarda. Mutum ne da bai saba faɗin abin da ba zai yi ba, saboda haka yana zaton kowa ma haka yake. Har gidansa ya zaɓa a jikin allon, na kusa da kwana, ya kai Inna ya nuna mata tagar ɗakinta.

To, gonar nan ba banza ta yi suna ba. Tun ina yaro, da an gama girbi wani makiyayi abokin Baba, da muke ce wa Baffa, yake kawo shanunsa su yi rani a cikinta. Su ci kara da harawa, su bar mana taki, kullum a matsa da turakun gaba har a zagaye ta. Ba a rubuta komai, ba a biyan kowa. Mu sha nono, su ɗebi hatsi, damina ta zo dawa ta fi mutum a kan raƙumi tsawo.

Kakar farko bayan kafa allo, Baffa ya zo kamar kullum. Ina zaune Baba ya ce masa, "Baffa, bana ka yi haƙuri. Hilin ga siminti za a zuba mai. Mi za a yi da taki ƙarƙashin daɓe? Ka kai ma wanda za ya ci amfaninai."

Baffa ya dubi allon, ya dubi Baba, ya ce, "To, Malam. Allah shi sa albarka." Ya kora shanunsa wajen Nahuce.

Daga nan aka shiga aza harsashi. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba a kan kunyoyin gyaɗa, maroƙa suka yi ta kururuwa. Shugaban ƙaramar hukuma ya tattara hannun babbar riga, ya karɓi cokalin magini, ya shafa siminti a kan bulo da irin taka-tsantsan ɗin mai taɓa jinjiri. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto, aka watse. Shugaban ya sauka daga mulki, wani ya hau. Sabon ya ce tsarin baya ba shi da hangen nesa, ya sa aka sake allo, kwanon ya koma shuɗi, matar da keken ta ɓace aka sa masallaci. Shi ma ya zo ya aza nasa harsashin a jikin na farko, don bai kamata babban mutum ya ɗora bulonsa a kan bulon abokin hamayya ba.

Na taɓa halartar zaman jin ra'ayin jama'a a sakatariya. Aka kwashe hantsi guda ana gardama a kan ko titunan unguwar za su ɗauki sunan manya ko lamba. Wani dattijo ya tambayi inda za a kafa rumbu da inda za a ɗaure akuya. Mai bayani ya yi murmushi, ya ce unguwar zamani ba ta da wannan. Labarin ya kai kunnen Inna, ta kwashe awakinta aka kai kasuwar Tsafe, wai kada ranar tashi ta zo ta ba Baba kunya. Ɗan takin da ake sharewa daga garke a kai gona, shi ma ya tafi ke nan.

Duk kaka nakan ce, "Baba, a kira Baffa mana, ko na bana kaɗai."

Sai ya ce, "Kai dai ba ka da haƙuri. Kansila ya ce baɗi za a hwara."

Baɗin nan ta yi ta zuwa tana wucewa. Ƙasa ta yi fari, ta saki, ƙuduji mai kashe dawa ya mamaye ko'ina da jan furensa, kyakkyawa kamar an shuka shi don baƙi. Rumbun da a da yakan cika har a nemi aron na maƙwabta, ya koma wurin kwanan kaji. Ranar da na fara ɗauro buhun masara daga Gusau zuwa gidan manomi ɗan manomi, na yi baƙin cikin da har yau bai sake ni ba.

Ba wanda ya zo zaure ya ce an fasa. A bakin wani direba a tashar Bungudu na ji cewa an sake nazari, an mayar da unguwar bakin babban titi, inda manya za su riƙa ganin allon ba sai sun sauka daga kwalta ba. Namu allon kuwa, masu sayen tsohon ƙarfe suka taimaka wa hukuma wajen cire shi.

Baba ya hau bayan mashin ya tafi neman Baffa. Ya same shi, sun gaisa, sun ci abinci tare. Amma Baffa ya riga ya ba wani manomi alkawari tun tuni, kuma shi ba kansila ba ne.

Yanzu Baba ya tsufa, Inna kuma ta riga mu gidan gaskiya. Kashin kaji da tokar murhu yake tarawa a buhu, ya saɓa a kafaɗa ya kai gona, ya riƙa zubawa da hannu gindi-gindi. Harsashin nan biyu suna nan a tsakiya, garma na kewaye su. Daminar da ta wuce na je taya shi noma. Da rana ta take, ya jingine fartanya, ya karkaɗe rigarsa, ya nufi bulon shugaba na farko. Sai da ya tuɓe takalmansa a gefe kafin ya zauna.

Ya matsa mini wuri, ya ce, "Shigo daga ciki mana. Innarka ba ta samu ganin ɗakinta ba, amma ga halo nan."

Na tuɓe nawa takalman, na zauna kusa da shi.