Keken Kawu Bitrus

Duk wanda ya taɓa zama a zauren Kawu Bitrus ranar Alhamis da la'asar ya san ba a kushe wanda ba ya nan. Kana fara cewa "wane ya yi mini kaza", zai miƙe, ya naɗe ƙafar wando, ya jawo tsohon kekensa. "Dakata," zai ce, "bari in ɗauko shi, ka hwaɗa mishi da bakinka."

Kawu yayan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi a Malbaza. Yana saurayi ya yi aiki a Najeriya, ya zauna cikin ƴan Metodis, ya dawo da al'adarsu da suke kira aji: mutane kaɗan su taru mako-mako, kowa ya faɗi gaskiyar yadda ransa yake da Allah, inda ya yi tuntuɓe da inda aka tallafe shi. A Malbaza babu cocin Metodis, mu Kiristocin ma tsiraru ne, amma bai damu ba. Ya ce tabarma ta ishi aji. Da ya bar aikinsa a masana'antar siminti, ajin ya zama sana'arsa.

Mutum ɗaya ne tak keken bai taɓa ɗaukowa ba, wato ɗansa Yusufu. Yusufu ya musulunta, suka yi musayar kalmomi masu zafi, ya koma Birnin Konni yana kabu-kabu da babur. Daga ranar Kawu bai ƙara furta sunansa ba. Mun san abin yana cinsa, amma wa zai taɓa maganar?

Sauran mutane kuwa sun sha hawan keke. Kun tuna ranar da Maman Rahila, ƴar ajinmu, ta ce Malam Idi mahauci ba shi da tsoron Allah? Kafin ta rufe baki Kawu ya fita. Sai ga shi da Malam Idi a bayan keke, wuƙa na hannunsa, bai san hawa ba bai san sauka ba. Aka zaunar da shi a tsakiyar Kiristoci.

"To, ga shi," in ji Kawu.

Maman Rahila ta sunkuyar da kai. "Ni dai, ƙashin ne ya yi yawa."

Malam Idi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Don wagga magana anka ɗauko ni, na bar nama ga ƙudaje?"

Tun daga ranar tsoka zalla yake yanka mata. Gulma kuma ta ragu a unguwarmu, ba don mun zama tsarkaka ba, don tsoron keken.

Akwai kuma Ayuba, direban motar siminti, da ya zo aji yana warin giya, ya ce Shaiɗan ne ya rinjaye shi. Kawu ya dubi keken, kamar mai auna nisan tafiya.

"Shi kam ba ni ɗauko shi," ya ce. "Amma kai kana nan. Hwaɗi naka."

Ayuba ya faɗa, har da hawaye. Kawu bai tsawata masa ba. Ya ce masa alherin Allah ya riga shi isowa zauren, shi ya sa ma ya iya shigowa. Wannan ce koyarwarsa kullum: Allah bai jira mu je gare shi ba, shi ya fara zuwa.

A shekararsa ta ƙarshe ƙafafunsa suka kumbura, keken ya jingine da bango. Wata Alhamis layi ya zo kansa, domin shi ma ana tambayarsa kamar kowa. Na ce, "Kawu, yaya ranka yake da Allah?"

Ya dubi keken da ke jingine. Can ya ce, "Yaron nan, Yusuhu, ya..."

Maman Rahila ta katse shi a hankali. "Malam Bitrus, ba shi nan."

Na ɗauka zai yi fushi. Na ce bari in aika a kirawo Yusufu. Ya girgiza kai.

"Shekaru ina koya muku Allah ad da hwara zuwa, ni kuwa ina zamne ina jiran ɗana. Ku kai ni."

Washegari Ayuba ya sa shi a gaban motar siminti, ni ina riƙe da shi, muka tafi Konni. Muka sami Yusufu a tashar ƴan kabu-kabu. Da ya ga ubansa ya kasa sauka daga babur. Kawu ya dafa kafaɗata, ya taka har gabansa.

"Ban taɓa kushe ka ga kowa ba," ya ce. "Amma kullum ina kushe ka ga zuciyata, kai ba ka nan balle ka kare kanka. Ka yahe mini."

"Baba, ban komowa coci," in ji Yusufu.

"Ban zo ɗaukar ka coci ba. Na zo wurin ɗana."

Yusufu ya sauko ya durƙusa a cikin ƙasa, ya riƙe kumburarrun ƙafafun nan yana kuka, abokan aikinsa na kallo. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba. Shi ya mayar da Kawu gida a bayan babur, a hankali. Kawu dai bai bar hali ba, tun daga Konni har Malbaza yana faɗa masa cewa gudu ya yi yawa.

Yusufu ya yi jinyarsa har ƙarshe. Yakan shimfiɗa sallayarsa a bakin ɗakin, Kawu kuma ya hana mu hayaniya har ya idar. Ranar jana'iza shi ya fara shiga kabari ya karɓi ubansa.

Ya Ubangiji, kai da ka fara zuwa gare mu, ka karɓi bawanka Bitrus cikin salamarka. Ka riƙe mana Yusufu. Amin.