Ranar da na hana Baffa ƙwanƙwasa kwalekwale

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk abin da na'ura ta nuna ya fi abin da tsoho ya faɗa da baki, na sayi kwalekwale. Ni ba masunci ba ne. Rumfar bokitai da robobi gare ni a unguwar Roumdé Adjia, cikin garin Garoua, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Amma ina son tsari. Akwai ƙaramin littafi a aljihuna, duk abin da zan yi sai na rubuta shi ɗaya, biyu, uku. Matata takan ce ko wanka zan shiga sai na duba littafi.

Masuncin gidanmu shi ne Baffa, ƙanen mahaifina. A bakin kogin Binuwai ya tashi, daga baya ya koma tafkin Lagdo, ya shekara da shekaru a can. Kafaɗarsa ta dama ce ta ajiye shi. Ta kai ba ya iya dogon tuƙi da filafili, sai ya dawo Garoua ya zauna a zaure, yana ramewa muna kallo. Na ce zan mayar da shi ruwa. Ni in kawo kwalekwale da inji, shi ya kawo sani, mu riƙa tafiya ranar Lahadi.

Muka je wani shago ta wajen Djamboutou inda ake sayar da injinan ban-ruwa da batura. Abu biyu nake nema. Na farko ƙaramin inji mai aiki da batir, wanda ake ɗaurawa a bayan kwalekwale, ba hayaƙi ba ƙara. Na biyu na'urar gano kifi, wato allo mai nuna zurfin ruwa da abin da ke ƙarƙashinka. Kowanne akwai babba akwai ƙarami. Babban inji batir biyu yake ci, yana iya turo jirgi ko iska na gaba da shi. Babban allo kuwa mai launi ne, har ƙara yake yi in ya ga kifi. Abin da ke hannuna ba zai ɗauki manya biyu ba, dole in zaɓi ɗaya.

Baffa bai ma kalli allon ba. Ya ce, "Ɗauki babban inji. Ido ina da shi. Hannu ne ba ni da shi."

Mai shago ya yi dariya. "Baba, idonka yana ganin ƙasan ruwa?"

"Kai da ko idon sawunka ba ka taɓa jiƙawa ba? Kunna mana fankar injin nan mu gani kawai."

Mai shago ya juyo gare ni. "Patron, maigida, kai ne mai lissafi. Kifi ake zuwa nema, ba tsere ba. Kuma ka sani, kifi ba ya son ƙara. Shi ya sa aka yi injin shiru."

Na ciro littafina a nan tsaye. Ɗaya, tafki ba kogi ba ne, ruwansa ba ya gudu. Biyu, ba sauri muke yi ba. Uku, wanda ya ga kifi ya fi wanda ke lalube. Na rufe littafi na ɗauki babban allo da ƙaramin inji.

Akwai wata al'ada da masuntan Lagdo ke yi, wadda dole in bayyana muku kafin in ci gaba. In kwalekwale ya doshi ciyawa ko bakin wani lungu, sai a riƙa buga gefensa da filafili, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Dorinar da ke kwance a ƙasa tana jin bugun tun daga nesa, ta ɗago kai ta duba. Kai ma ka gan ta, ka ba ta hanya. Na san da wannan. Amma maganar mai shago ta zauna mini, har na rubuta dokokin jirgi guda uku: ba surutu, ba ƙwanƙwasa, ba tsayuwa. Na karanta wa Baffa su a bakin ruwa kamar ina karanta wa ɗan haya sharuɗɗa.

Ya ce, "Jirginka ne, ɗana."

Filafilina ma a bakin ruwa na bar shi, wai ƙarin nauyi ne tunda ga inji. Shi dai ya ɗauki nasa ya ajiye a ƙarƙashin ƙafarsa.

Fita ta farko da ta biyu mun samu karfasa da tarwaɗa masu kyau. Kaina ya ƙara girma. Fita ta uku ce nake son ba ku labari.

Da hantsi ne, iska ta fara tasowa daga tsakiyar tafki. Ina baya riƙe da hannun inji, allo a gabana, Baffa yana gaba da koma. Muka doshi wani lungu mai doguwar ciyawa hagu da dama. Na ga hannun Baffa ya sauka kan filafili, ya ɗaga shi zai buga.

Na ce, "Baffa, doka ta biyu."

Ya waiwayo ya dube ni, ya mayar da filafilin a hankali. Har yau ban manta wannan kallon ba.

Muka shiga lungun shiru, ko ruwa bai motsa ba. Sai allo ya yi ƙara. Wani abu ja, babba, ya cika shi daga gefe zuwa gefe, a zurfin mita uku. Ban taɓa ganin irinsa ba. Zuciyata ta ce giwan ruwa ne, ko garkensu. Na rage inji, na yi wa Baffa raɗa, "Shirya koma. Ga su nan ƙarƙashinmu."

Bai taɓa komar ba. Hancinsa ya ɗaga yana shaƙar iska, idonsa na kan gaɓa, inda ciyawa ta kwanta ta yi hanya mai faɗi zuwa cikin ruwa. Sannan ya kalli wasu kumfa da ke tasowa a gefenmu.

"Juya."

"Ku dakata in ga..."

"Juya na ce!"

Tunda nake ban taɓa jin Baffa ya ɗaga murya ba. Kafin in murɗa hannun injin, wani ƙaramin kai ya ɓullo ta damanmu, kunnuwa biyu suna kaɗawa. Ɗan dorina ne. Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne, ai ƙarami ne. Sai ruwa ya tsage ta hagu. Uwar ta taso, ta feso ruwa ta hanci, ta buɗe baki. Haƙoranta sun kai tsawon hannuna. Mun shiga tsakaninta da ɗanta.

Na murɗa inji har ƙarshe. Ya yi kukansa na fanka, kwalekwale ya fara juyawa, amma da hancinsa ya fuskanci bakin lungu sai iska ta tare mu. Muna tafiya kamar ba ma tafiya. Ina kallon ciyawar gefe, ganye ɗaya nake gani bai wuce ba. Can sai injin ya yi wani gurnani ya tsaya. Ciyawa ta naɗe farfela.

Dorinar ta nutse. Wannan ya fi ganinta tsoro. Allo yana ta ƙara, jan abin yana matsowa, ni kuma na zuba masa ido kamar zai faɗa mini abin yi.

"Bar kallon abin nan. Ɗaga injin daga ruwa. Zauna a tsakiya, riƙe gefe biyu. Kada ka tashi ko me ya faru."

Muryarsa ta koma ƙasa, ɗaya bayan ɗaya yake faɗa, irin yadda nake son magana. Na yi yadda ya ce. Ya durƙusa ya kafa filafili, bai nufi bakin lungu ba inda ruwa ke da zurfi, ya nufi gaɓa, nesa da ɗan. Da kafaɗar nan da ta ajiye shi yake tuƙi. Ina jin numfashinsa, kowane ja sai ya yi nishi. Na ce ya ba ni filafilin. Ya ce, "Ka iya?" Ban iya ba. Na kama salati.

Ta buge mu ta baya. Kwalekwale ya ɗaga, na ga sama, ya dawo ya faɗi, ruwa ya shigo har gwiwa. Injin da na ɗaga ya karye daga maɗaurinsa ya tafi, ya ja wayar allo, allon ya mutu. Baffa ya kife a kan koma. Na ji wata ƙara daga kafaɗarsa kamar an karya ɗanyen ice. Ya tashi ya mayar da filafili hannun hagu, ya matse shi da haɓa da ƙirji, ya ci gaba da ja.

Ban san ja nawa ya yi ba. Na dai ji ƙasan jirgi ya gogi laka. Ya ce, "Sauka. Kada ka yi gudu a ruwa, za ka faɗi." Na kama shi ta ƙugu muka ratsa ciyawa har tudu. Da muka waiwaya, tana tsakiyar lungu da ɗanta a gefenta, tana kallonmu. Ba ta biyo mu ba.

Muka zauna a ƙasa. Hannun Baffa na dama yana lilo kamar ba nasa ba, gumi ya wanke masa fuska. Ya daɗe yana numfashi, sannan ya dube ni ya ce, "To, Malam mai littafi. Allonka kifi nawa ya ce?"

Na fashe da kuka, ni da gemuna.

Wasu masunta da suka hango mu ne suka zo suka kwashe mu. Babbansu ya tambaye ni da Fulatanci ko ba mu ƙwanƙwasa ba ne. Kafin in buɗe baki Baffa ya ce, "Mun manta." Bai taɓa faɗa wa kowa cewa ni na hana shi ba, har mahaifina. Ni ne na faɗa da bakina bayan an ɗaure masa kafaɗa a asibiti, domin ban ga yadda zan kwana da shi a ciki ba.

Kafaɗar ta warke, amma hannun bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Na ce zan mayar da Baffa ruwa, sai ga shi ni ne na ƙarasa masa hannun da yake tuƙi da shi. Ya yafe mini tun a gadon asibiti. Ni ne dai ban gama da kaina ba.

Bayan wata shida na koma shagon nan. Ban tsaya jin bayanin mai shago ba. Na ɗauki babban inji da batir biyu, da ƙaramin allo marar launi wanda zurfi kawai nake dubawa a cikinsa. Na sa Baffa ya koya mini tuƙi da filafili a Binuwai, yana zaune a gaɓa yana yi mini tsiya har na iya. Ba na zagin na'ura. Allon bai yi ƙarya ba, ya nuna akwai abu a ƙasa. Ni ne na ga abin da nake so in gani, na kuma rufe bakin wanda ya san ko mene ne. Duk mai tambayata wanne zai saya, amsata ɗaya ce: fara da abin da zai fitar da kai, sannan abin da zai nuna maka kifi.

Har yanzu muna fita ranar Lahadi in jikinsa ya ba shi dama. Filafili biyu ne a jirgin. Yana zama a gaba da guntuwar sanda a hannun hagu, da mun doshi ciyawa sai ya fara, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Wataƙila wasu kifayen suna gudu, ban damu ba. Shafin dokokin nan uku yana nan a littafina, ban yage shi ba. Na ja layi a kan ta biyu, na rubuta a gefenta: a tambayi Baffa.