Ƙofar Shagon Ammi Munji

Ina kan layin burodi maƙwabciyarmu ta raɗa mini cewa an kama yayana Anis an tafi da shi. Ban san yadda na isa gida ba. Tun daga ranar, ko mota ce ta rage gudu a ƙofar gidanmu sai in leƙa ta taga. Ban daɗe da gama jami'a ba, amma neman aiki ma na daina fita.

Laifin Anis zane a bango. Wani ƙaton mai tumbi yake zanawa, wanda kujera ta manne masa a baya, ko gidan wanka za shi da ita yake shiga. Bayan kama shi, masu farin fenti suka bi unguwarmu ta Halfawin suka shafe duka. Ɗaya ne ya tsira, na ƙofar Ammi Munji.

Ammi Munji, wato baffa Munji a bakinmu, mai sayar da lablabi ne, wato romon wake da ake zubawa a kan gutsattsarin burodi. Yana saurayi ya zo Tunis daga ƙauye yana wanke kwanuka, har ya sami nasa shagon. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Faɗa gare shi. Ranar da ya ga zanen sai da ya bi Anis da ludayi, yana kiransa ɗan banza mai ɓata ƙofar mutane.

Ƙofar ta ƙarfe ce, irin wadda ake naɗewa sama. In shago na buɗe, babu mai ganin abin da ke jikinta, su kuwa masu fenti da rana suke aiki. Lablabi abincin safe ne, da can kafin azahar ya rufe. Sai ya daina rufewa da wuri. Yakan zauna gaban tukunyar da ba komai har magariba, ranar Juma'a ma maƙwabci yake bar wa gadi. Masu fentin kansu a nan suke karyawa, zanen na naɗe a saman kansu, yana ƙara musu ƙwai kyauta don su ci su tafi.

Da wani ƙaramin gidan tarihi ya fara tattara zanen titi da ya rage, lauyar Anis ta ce in ƙofar ta shiga can, za ta iya nuna wa alƙali cewa aikin fasaha ne. Ta kuma gaya wa Ammi Munji gaskiya: sunan shagonsa zai fito fili. Ya ce su zo su kwance, dama ta ishe shi da ƙara. Ya rufe bakin shagon da katakon aro.

Ranar da gidan tarihin zai buɗe baje kolin zanen na ce ba ni da lafiya. Sai ga Ammi Munji a ƙofar gida da farar jabba da jar dara.

"Sa takalminki, 'yata. Ni da ban iya karatu ba, wa zai karanta mini ƙaryar da suka rubuta a kaina?"

A hanya ina ta waige. Sai ya koma ta gefen titi, ya sa ni ta ciki.

Can ƙarshen zauren muka sami ƙofar, an haska ta da fitila. Har tsatsar da tabon man suna nan. Ammi Munji ya kai hannu, wani matashin mai gadi ya ce a yi haƙuri, ba a taɓawa.

"Kai yaro, kafaɗata ta san nauyinta tun ba a yaye ka ba."

Mai gadin ya yi murmushi ya kau da kai. Sai wata tsohuwa ta tsaya gaban zanen ta fashe da dariya, ta ce wallahi mijin ƙanwarta ne sak. Mutane suka taru. Ban san lokacin da na shiga dariyar ba, hawaye na zuba. A ƙarƙashin zanen an rubuta sunan Anis cikakke, kuma babu wanda ya rage murya wajen karanta shi.

Na juya zan yi wa Ammi Munji godiya, ya katse ni, wai in Anis ya fito sai ya wanke masa kwanuka har tsufa.

Lauyar ta miƙa hotunan baje kolin ga kotu. An ce ranar Alhamis za a saurari batun belin Anis. Yau Talata, kuma har yanzu ba ta kira ba.