Kiɗan ƙanƙarar da na zaɓa

Shekarun baya, lokacin da gidajen motsa jiki na mata suka fara yawa a Jidda, ni ce mai hawa keken gaba a ɗaya daga cikinsu, can wajen Sharafiyya. Irin kekunan nan ne da ake tuƙawa a ɗaki, a yi ta gumi ba a je ko'ina ba. Mata ashirin a gabana, kiɗa na tashi, ni kuma ina ba da umarni: a miƙe, a zauna, a ƙara nauyi, yalla, wato mu je. Duk aikin a kan kiɗa yake. Idan ganga ta yi sauri ƙafa ta yi sauri, idan ta lafa a lafa. Ni nake zaɓen kiɗan, kuma ba yabon kai ba, a nan ne kaɗai a rayuwata aka taɓa cewa na fi kowa.

Abin da na ɓoye wa kowa shi ne kunnuwana sun fara tafiya. Shekara biyar ina zaune dab da lasifika mai girman firji. Da farko wani siririn kuka nake ji bayan an tashi, daga baya na fara cewa "na'am?" sau biyu sau uku. Na koyi kallon bakin mutane, na koyi yin dariya idan na ga ana yi. A aji kuwa asirina a rufe yake, domin dukan ganga yana bi ta ƙasa, ya hau ƙarfen keke, ya shigo mini ta tafin ƙafa. Na san ranar da aka gane, keken gaba ya bar hannuna.

Sai wata shekara ana gasar wasannin ƙanƙara a wata ƙasa mai nisa, kowa na kallo a talabijin. Uwar ɗakina, mai gidan motsa jikin, ta kira ni ofis tana murna, ta ce za mu yi mako guda na ƙanƙara. Za a haska duwatsu masu dusar ƙanƙara a bango da majigi, a ƙure sanyin ɗaki.

"Habibti, gangunan nan naki a ajiye su," in ji ta. "So nake su ji kamar suna zamiya a kan ƙanƙara. Fiyano, gogen Turawa, 'yan ƙararrawa. Abu mai laushi."

Na ce mata an gama. Ni da aka haifa a unguwar Sa'alaba a nan Jidda, ƙanƙarar da na sani ita ce ta cikin kular mai sayar da lemo, wai ni ce zan kai mata ashirin kan dutsen dusar ƙanƙara.

Da na koma gida na tara kaɗe-kaɗe kusan talatin a waya, na ƙure murya. Kamar ana hira a bayan katanga nake jin su. Na ɗora tafin hannu a kan lasifika yadda na saba, ba abin da ya buga. Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Ina fitowa na tarar da mahaifiyata riƙe da wayar. Ta juyo da fuskarta sosai yadda zan ga bakinta.

"'Yar nan, tun bara nake kiran ki daga madafa ba kya waigowa. Kin ɗauka ban gane ba?"

Ta sa kiɗa na farko, ta saurara, ta yamutsa fuska. "Wannan kiɗa ne, ko sauro ne ya faɗa kwalba?"

Amma ta zauna. Mahaifiyata ta yi shekaru tana kiɗan ƙwarya a bukukuwan Hausawan Jidda, kunnenta ba ya kuskure. Kwana huɗu muna abu ɗaya bayan la'asar. Ta saurara, ta riƙa buga mini kiɗan a gwiwa da yatsu, ni kuma ina kallon agogo ina rubutawa. Ta ce wannan na hawan tudu ne, a sa nauyi. Wannan kamar an biyo mutum ne, a yi gudu. Wani kuma sai da ta saurare shi har ya ƙare, sannan ta ce, "Wannan ki sa shi na huɗu, lokacin da suka gaji." Muka fitar da guda tara. Na haddace minti arba'in da biyar, daƙiƙa bayan daƙiƙa, na manna takardar a kan kekena.

Ranar farko majigin ya ƙi kamawa, aka fara a makare da kusan rabin awa. Uwar ɗakina kuma ta sa aka juya kekena ya fuskanci bango, wai in zama jagora a gaba suna bin bayana. Aka kashe fitilu. Na fara, idona na kan agogo, komai na tafiya daidai. Har na fara jin daɗi, ina ce wa kaina ashe za a iya.

A wurinmu akwai ƙa'ida: da zarar ladanin masallacin bayanmu ya fara kiran salla, mai kula da teburin karɓar baƙi za ta kashe kiɗa, kowa ya yi shiru har ya gama. Da can ƙafata ke gaya mini ganga ta tsaya. Ran nan babu ganga, kuma jinkirin ya kai mu magariba ban lura ba. Takardata ta ce lokacin gudun ƙarshe ne. Na miƙe a kan feda, na buɗe murya iya ƙarfina: "Yalla! Yalla ya banat, 'yan mata! Saura kaɗan mu kai ƙoli!" Ina ihu ina tafi.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Hannu na ji a kafaɗata. Wata dattijuwa ce da ba ta fashin ajina. Na waigo, na ga kekuna ashirin a tsaye, kowa na kallona. Ta nuna sama da yatsa, na karanta a leɓenta: "Ya binti, 'yata, kiran salla ake yi."

Na kasa kunne. Wallahi ban ji komai ba.

Washegari uwar ɗakina ta kai ni asibiti da kanta. Likita ya ce jijiyar ce ta lalace, abin sawa a kunne zai taimaka da magana kaɗan, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba. Ba ta kore ni ba, Allah ya saka mata. Ta ba ni makullin ɗakin tawul da na akwatunan ajiya, ta ce, "Khalas, shi ke nan, habibti, ki huta da hayaniya." Wata abokiyar aikina ta karɓi keken gaba.

Mutane sukan ce in gode wa Allah da abin ya tsaya a nan, kuma ina godewa. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ban warke daga wannan rana ba. Kunyar ta wuce tuntuni, matan ma sun manta. Baƙin cikin ne bai wuce ba. Da na faɗi gaskiya tun shekarar da kukan kunnen ya fara, wataƙila da an matsar da ni daga lasifikar, da na tsira da wani abu. Tsoron kada a raba ni da keken ya sa na zauna har na rasa duka biyun.

Duk shekara idan sanyi ya shigo, ana maimaita makon ƙanƙara, kuma jerin kiɗana ake sawa, ba a canza ko ɗaya ba. Bara abokiyar aikina ta same ni ina ninke tawul, ta tsaya a gabana tana magana a hankali don in gane.

"'Yar'uwa, ke fa kin iya zaɓe. Na huɗun nan, duk lokacin da ya shigo sai na ga wata tana share hawaye. Ni ma yana taɓa ni. Ina kika samo shi?"

Na yi murmushi na ce mata ai yana da daɗi. Har yau ban san yadda yake ba.