Cibiyar 'Yar Haya

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba abin ya fara. Na riƙe lokacin ne domin a daidai nan na ɗaga kai na dubi agogon bango, zan rubuta a gefen takarda ko minti nawa tambaya ta huɗu ta ci mini. Haka nake a lokacin, komai sai na rubuta. Sai na ji sallamar maza a tsakar gida. Babban ɗan mai gidan da muke haya ne da wani magini, suna jan igiyar awo daga bakin rijiya zuwa bangon ɗakinmu.

Ina aji biyar na sakandare a shekarar. Ma'aikata suna ta kwararowa Abuja, wanda bai sami ɗaki a can ba sai ya gangaro Suleja, masu gidajen ƙasa kuwa suka shiga rushewa suna ɗora na bulo. Namu gidan a unguwar Wambai yake. Babana ya kama ɗaki biyu a cikinsa tun kafin a haife ni, lokacin da ya zo daga arewa aikin tuƙi. Da magariba aka ba mu notis: ƙarshen damina mu tashi.

Aikin da ke gabana ranar na darasin adabi ne. Malamarmu ta ba mu littattafai biyu na labarin tasowar yara, ta ce mu yi nazarin yadda kowane yaro ya gane ko shi wane ne. Na ja layi da rula na raba shafi gida huɗu: inda ya baro, abin da ya rasa a hanya, wanda ya zama, da ko ya koma. Ba yabon kai ba, na iya wannan aikin. Na lura yaran ba sa ganin gidajensu da kyau sai sun bar su. Na lura a kowane labari akwai tsoho ko tsohuwa da ke zaune wuri ɗaya, domin yaron ya sami wanda zai auna canjinsa da shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne gidan yana jira. Ko yaron ya dawo ya tarar ɗakin ya yi masa kaɗan, ɗakin dai yana nan.

Tambaya ta biyar ce ta kayar da ni. Cewa aka yi ki kwatanta tafiyarsu da taki.

Na rubuta sunan garin babana. Sau biyu na taɓa zuwa can, 'ya'yan gwaggona suka yi ta sa ni magana don su ji Turancin da ke faɗowa cikin Hausata, suna dariya. Na goge. Na rubuta Suleja, na tuna a makaranta 'yan gari 'yan haya suke ce mana, na sake gogewa, har takardar ta huje. Haka na miƙa aikin. Malama ta dawo mini da shi, ta sa hannu da jan biro a huɗun farko, ta tsayar da ni a ƙofar aji.

"Kin feɗe yaran littafi tsaf, ke kuma kin ɓuya," in ji ta. "In kin rasa ta ina za ki fara, fara daga inda aka binne cibiyarki."

Ita salon magana ta yi. Ni kuwa ban iya ɗaukar magana sama-sama ba. Na san a gidan nan aka haife ni, na kuma san ungozoma kan wanke mabiyiya ta binne a bayan ɗaki. Ke nan akwai wani taku ɗaya na ƙasa a duniya da ba wanda zai ce ba nawa ba ne, magini kuwa ya ce duk bayan ɗakunan za a zuba masa siminti. Na ƙudurta sai na san wurin kafin a rufe shi.

Umma na fara tambaya, tana tsince shinkafa. Ta ce ita tana kwance ranar, ba ta ma san inda kanta yake ba. Baba ya ce wannan zancen mata ne, ya ci gaba da goge takalmi. Saura mutum ɗaya: Iya, mahaifiyar mai gidan, wadda ta karɓi haihuwata. Ita ce ke ba ni ƙanzon tuwo da safe, tana kirana ƙawarta. Tun da aka fara awon nan aka mayar da ita gidan 'yarta a unguwar Kurmin Sarki, wai ƙurar rusau ba za ta yi mata daɗi ba.

Sau uku na je. Kowane zuwa na kan tsara tambayar a hanya, kalma bayan kalma, in na durƙusa gabanta sai gaisuwa kawai ta fito. Ta tambayi Umma, ta tambayi karatu, ta sa a ba ni gyaɗa, in tashi. A gida kuwa an fara da ɗakunan da suka riga suka zama kango. Ruwan Agusta yana dukan jar ƙasar da aka rushe, tana narkewa tana bin lambatu. Na kan tsaya a bayan ɗakinmu in dubi ƙasa: tsakuwa, ciyawa, fasasshen kasko. Ko'ina zai iya zama wurin. Har yau in na ji warin ɗanyen siminti sai in tuna bayan ɗakin nan.

Mun koma Madalla, ɗaki ɗaya a bakin titi. Tambaya ta biyar ban taɓa amsa ta ba, Malama ma ta daina nema. Yanzu ni ke koyar da adabi, ina kuma ba ɗalibaina irin wannan aikin, sai dai na cire musu ta biyar ɗin. Yawancinsu 'yan haya ne. Gidan Wambai ya zama bene, kwanakin baya na wuce ta wajen, sai da na ƙirga ƙofofi daga masallaci kafin na gane shi.

A wancan lokacin, ana gobe za mu kwashe kaya daga Wambai, na koma wurin Iya, zuwa na huɗu. Wannan karon na rubuta tambayar a tafin hannuna. Na karanto ta da ƙarfi kamar a aji.

Ta gyara ƙafarta mai ciwo a kan tabarma.

"Ƙawata, ke da bokon nan naki," ta ce. "A bayan ɗakin ne, wannan babu shakka, da hannuna na haƙa. Na jikokina na kan ɗora musu dutse. Na 'yan haya kuwa ban taɓa sa alama ba. Ban zaci akwai wanda zai zo ya tambaya ba."