Ranar da Baba Ya Gyara Mini Ƙofa

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga kai, ba zai kwashe ranar da mahaifina ya karanta zanena ba, shi da bai taɓa taka ƙofar makarantar boko ba.

Shekarar da muka samu 'yancin kai ce. Ina makarantar koyon sana'a a Tamale, ajin zanen gine-gine. Ko'ina gini ake yi, mu kuwa muna yawo da fensir a bayan kunne, muna jin mu ne za mu gina ƙasar. Malaminmu mutumin kudu ne, siriri, Hausarsa ta kasuwa. Yana da wata ɗabi'a mai ba mu haushi: in ka gama zane, sai ya kira mai sayar da koko a bakin makaranta ya ce ka yi mata bayani. In ba ta gane ba, ka faɗi. "Takarda ba shi da baki," yakan ce. "Nemo abin da mutum ya sani, ka ɗora naka a kai." Ni dai kunnen ƙashi na yi masa. A ganina Turancin da nake zubawa shi ne ilimin.

A gida kuwa, can Kukuo, Baba ya riga ya yanke magana. Yayana ya tafi Kumasi, gonar doya ba hannu, don haka da ruwan farko zan ajiye fensir in ɗauki fartanya. Don in sauya masa ra'ayi na zana gidan da zan gina masa wata rana, na shimfiɗa a gabansa, na yi ta zuba kamar kanya. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, "Shekara biyu kana koyon zanen gidan dara?" Maganar ta yi mini zafi ƙwarai.

Na je yi wa malam sallama. Bai ba ni haƙuri ba, tambaya ɗaya ya yi mini: wane aiki Baba yake yi da rani? Na ce sabunta jinkar ɗakuna. Ya ce, "To, yi tunani. Asabar ina zuwa."

Ya zo a kan kekensa, ya gaishe da Baba, ya sha ruwa, ya koma gefe ya zauna. Ni ya bar wa fagen. Na sake shimfiɗa takardar.

"Baba, in ka yaye tsohuwar jinka, ka hau kan bango ka duba ƙasa, me kake gani?"

"Ɗaki mana, da bangonsa."

"To, nan ma a kan bangon kake zaune. An yaye rufin gidan duka."

Ya daɗe yana kallo. Sai na ga yatsansa mai kaushi ya sauka a kan layin, yana bin bangon a hankali. Ya gane tsakar gida da kansa, ya gane madafa. Da ya iso inda layin ya yanke, ya ce, "Ƙofar ɗakina ke nan?" Na ce ita ce. Ya tambayi ina gabas, na nuna masa.

"Gabas ka ba ta? Kai, yaron nan. Daga ina hadari yake tasowa? Ruwa zai same ni har kan tabarma."

Malam ya fashe da dariya, ya ce, "Baba ya fi ni. Ni ban gani ba."

Baba ya naɗe takardar da kansa ya miƙo mini. "Koma ka ƙarasa, tunda har yanzu ba ka iya ba. Doya zan san yadda na yi da ita." Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Damina biyu bayan nan Allah ya yi masa rasuwa, ko tubali ɗaya ban aza masa ba. Malam kuma aka mayar da shi kudu, ban yi masa godiyar da ta kamata ba, ban kuma sake jin labarinsa ba. Ina kewarsu su biyun, kewar da shekaru ba su rage ba.

A waccan Asabar ɗin na koyi cewa wanda kake ganin ya kasa gane ka, sau da yawa kai ne ba ka taka zuwa inda yake tsaye ba. In ka je, ba ganewa kawai zai yi ba, har abin da ya shige maka duhu zai nuna maka. Na zana gidaje da yawa tun daga lokacin, an yaba mini, amma wanda na fi so ya sake kama ni da kuskure ba ya nan.