Muryar Aro

Yayana matsoraci ne, kuma bai taɓa musu ba. Yana tsoron ɗan sanda, yana tsoron allura, ko baƙuwar lamba ce ta kira shi sai ya yi addu'a kafin ya ɗaga. Gyaran kwamfuta yake yi a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, cikin wayoyi da warin dalma.

Da zazzaɓi ya tafi da idon 'yarsa, sai ya samo wata manhaja ta kyauta, irin wadda masu ita suka buɗe wa kowa ya gyara ya raba, ya daidaita ta tana karanta wa yarinyar duk rubutun da ke kan kwamfuta. Muryar da ta zo da ita kamar ana buga gwangwani, don haka ya nemo ta wani kamfani, muryar mace mai taushi, ya haɗe su wuri guda. Kafin a jima yarinyar har gaishe ta take yi da safe.

Malamar makarantar makafi ta ji, ta roƙa. Ya zuba musu, ya kuma ɗora haɗin a intanet don kowa ya sauke. A tunaninsa duk abin da ya shiga cikin na kyauta ya zama kyauta. Ashe muryar sharaɗinta daban: ka yi amfani da ita kai kaɗai, ban da rabawa. Ya danna "na yarda" bai karanta ba, yadda ni da kai muke yi.

Ranar da lauyan kamfanin ya kira shi, gidana ya zo.

"Ƙanwata, na shiga uku. Sun ce in cire ta daga ko'ina, ko kotu. Har ta gida, wai tunda na karya sharaɗi izinina ya faɗi."

"Haba Yaya, cire ta makaranta, ka bar wa yarinya tata. Wa zai leƙo ɗakinka?"

"Waɗanda suka gano lambata ba za su gano ɗakina ba? In aka kulle ni, wa zai riƙa kai ta makaranta?"

Na yi masa tas, na kira shi rago. Amma ni ma a tsorace nake. Abinci ya daina shiga masa. Mota ta tsaya ƙofar shago, sai ya miƙe tsaye da sukuddireba a hannu. Ya goge ta intanet, ya goge ta makaranta, ta gida ya yi ta ɗagawa sai gobe, har tsoron ya fi ƙarfinsa, ya goge ta ita ma.

Ina zaune a falonsu yarinyar ta dawo, ta laluba ta kunna kwamfutar, ta yi sallama. Muryar gwangwanin ta fara karatu. Ta juyo wajen da take jin numfashin ubanta.

"Baba, me na yi mata?"

Ya kalle ni don in taimake shi. Ni mai bakin, na sunkuyar da kai.